Murfin Kwalba a Kan Fako

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Auta ta maimaita maganar har muryarta ta soma dishewa, kuma duk sanda ta faɗa sai mutanen garinsu su gyaɗa kai su ce sun ji. Gyaɗa kan nan ne ya ɗaga mata hankali. Ta san mutanenta ciki da bai. In magana ta shige su, gardama suke yi da kai har bakinka ya bushe. In ka ga sun ce "to" da wuri, ka tabbata an gama dafa wani abu ba ka nan.

A ajin makarantar garin ake taron. An ture bencina jikin bango, an shimfiɗa wani ƙaton hoto a ƙasa, an danne gefensa da duwatsu. Hoton gandun dajin da ke bayan gari ne, yadda shirwa ke ganinsa daga sama: ga itatuwa, ga duwatsu, ga rafi ya yi kwance kamar zaren da ya suɓuce daga hannu. Wadda ta kawo shi baƙuwa ce daga birni, siririya mai tabarau, ba wanda ya wahalar da kansa da sunanta, Mai Taswira kawai ake ce mata. Auta kuwa ma'aikaciyar gandun ce, ita kaɗai ce mace cikin masu gadinsa, kuma a garin nan aka yanke mata cibiya. Shi ya sa aka tsayar da ita a gaba, da kaki da takalmin aiki, wai ta yi wa 'yan'uwanta bayani da bakin da suka sani.

Aikin ba shi da wuya. An raba wa kowa murfin kwalba gwargwadon abin da yake samowa a daji: ja na itace da ciyawa, shuɗi na ruwa, rawaya na zuma, kore na magani, fari na abin da ake haƙowa daga ƙasa. Kowa ya tashi ya ɗora nasa a kan hoton, daidai inda yake zuwa. Hukumar gandu za ta raba dajin biyu. Inda murfi ya taru a bar wa mutane su ci gaba da shiga, inda ba a sa komai ba a kewaye shi da waya, namun daji da itatuwa su samu su huta.

"Don girman Allah ku ji ni da kyau," in ji Auta. "Inda kuka sa, shi za a bar muku. Inda ba ku sa ba, shi za a rufe. Wannan ba irin na da ba ne."

"Mun ji, hukuma," wani ya ce daga baya. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Na da ɗin da take nufi, ba wanda bai san shi ba a ajin nan. Tana 'yar ƙarama wasu mutane suka zo da fara'a har kunne, suka tambayi inda ake kiwo da inda ake saran itace. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zuciya ɗaya, shi ya shige gaba ya yi ta nuna musu. Kafin shekara ta zagayo, wuraren da ya nuna su aka fara kafa wa allon hani. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba a daina yi masa gori ba, kuma gorin bai bi shi kabari ba, a gidan ya zauna.

Tsoho Mai Zuma ne ya fara tashi. Ya dogara sandarsa, ya zagaya hoton a hankali yana leƙe kamar mai neman allura, sannan ya sunkuya ya ajiye murfinsa a kan wani farin tabo can gefen gabas. Fako ne wurin, ƙeƙasasshen fili da ko ƙaya ba ta yarda ta tsiro a kai.

"Baba," ta ce, "a kan fako kake samun zuma?"

"Ƙudan zamani ne, 'yar nan. Ba sa son inuwa."

Ajin ya ɗauki dariya, har da Mai Taswira. Daga nan fa sai aka yi ca. Masu itace, kan fako. Masu tsimin magani, kan fako. Wata mata mai goyo ta ɗora shuɗin murfi a wurin, wai nan take ɗebo ruwa, ko kunya idonta bai ji ba. Kafin ka ce me, fakon ya yi tsibi kamar kayan mai koli, sauran dajin kuwa fayau, sai ka rantse tun da aka halicce shi ƙafar ɗan'adam ba ta taɓa taka shi ba.

Inna ce kusan ta ƙarshe, mahaifiyar Auta. Maginiyar tukwane ce, tun kafin ta yi aure hannunta ke cikin yumɓu. Yumɓun nan kuwa wuri ɗaya ake samunsa a duk yankin, wani kwari a bayan babban dutse, can cikin daji. Auta tana iya ganin wurin a hoton daga inda take tsaye, ɗan duhu ne kamar zanen ɗan yatsa. Ta kafa wa Inna ido, tana roƙonta ba da baki ba. Inna ta gyara mayafi, ta taka zuwa bakin hoton, ta ɗora farin murfinta a kan na mutane, ta koma mazauninta. Ko inda 'yarta take ba ta duba ba.

Da la'asar Auta ta bi ta gida. Tun daga ƙofa take jin shewa, maƙwabta sun cika tsakar gida ana mayar da yadda aka yi wa mai tabarau wayo. Tana yin sallama wurin ya yi tsit. Ɗaya bayan ɗaya kowacce ta tuna ta bar girki a kan wuta.

Inna tana zaune a bakin rumfa, ta sa wata sabuwar randa tsakanin ƙafafunta tana shafe wuyanta da jiƙaƙƙen tsumma. Yaya, babban wan Auta, wanda ke yanko ciyawar rufin ɗaki a daji, yana gefe yana wasa lauje.

"Yaya, yaushe kuka ƙulla wannan?"

"Wanne fa?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Fako! Ko akuyar da ta ɓata ba ta zuwa fakon nan."

"Ai shi ya sa," ya ce, bai daina wasa laujen ba. "Su kewaye shi, su sa masa ƙofa har da kwaɗo. Mun yafe musu duniya da lahira."

"Shi za a bar muku! Shi kaɗai! Sauran duk rufewa za a yi, da ciyawarka, da zumar tsoho Mai Zuma, da ramin yumɓun Inna."

"Haka aka ce ki ce."

"Haka abin yake, wallahi. Da ni aka zauna aka tsara."

"Babanmu ma da shi aka zauna." Ya gwada kaifin laujen a farcensa. "Ke Auta, bakinki ne ke motsi, amma mu kakin muke ji. Ban ga laifinki ba, abinci kike nema. Ki ci abincinki ki bar mana dajinmu."

Ta juya ga mahaifiyarta. "Inna, har ke?"

"Zauna, an ajiye miki abinci," in ji Inna. Ta ci gaba da juya randar a hankali, sai da ta zagayo inda ta faro sannan ta sake magana. "Tun da kika sa rigar nan ban taɓa roƙonki komai ba. Da aka ce na haifi mai kama 'yan'uwanta, na ce ƙarya ne. Da aka daina matsa min wuri a bakin rijiya, ban faɗa miki ba. Yau abu ɗaya nake so, ki kama bakinki. Gidan nan ya taɓa nuna hanya, mun ɗanɗana. In aka sake, ban san da wace fuska zan fita ba."

Auta ta zauna ta ci abincin, ba don yana wuce mata da daɗi ba. A duk faɗin garin nan Inna kaɗai ta rage mata. Ƙawayen da suka tashi tare gaisuwar nesa suke yi mata yanzu, yara in sun hango ta su watse, tsofaffi su ce hukuma. Inna ce kaɗai take kiranta Auta kamar ba abin da ya canza, ita ce ke ture mata tabarma da ƙafa ta ce zauna. In wannan ya tafi, shi ke nan, ba ta da inda za ta cire takalmi ta miƙe ƙafa.

Kafin rana ta faɗi ta koma masaukin ma'aikata da ke bakin gandu, jerin ɗakuna ne masu rufin kwano. Abokan aikinta suna ƙarƙashin rumfa suna karta, suna tattauna inda za a yi sintirin gobe. Da suka gan ta sai maganar ta koma ta ƙwallo.

"'Yar gari ta dawo," in ji wani mai ƙaton ciki. "Ya mutanen naki? An faɗa musu ta inda za mu bi?"

Ta saba da irin wannan. A gari ita hukuma ce, a wurin hukuma ita 'yar gari ce, kuma kowane ɓangare ya tabbata ɗayan take yi wa aiki. Ta shiga ɗakinta ta rufe. Gado ne, da buta, da ƙusar rataye kaki, sai ɗan tulun da Inna ta gina mata, wanda ruwansa ya fi na kowa sanyi a masaukin. Ta zauna bakin gado takalmi a ƙafa, ta yi ta juya abin. Yumɓun bakin gari yashi ne, tukunyarsa tsagewa take yi a wuta tun kafin ta nuna. In aka rufe kwarin nan an rufe hannun Inna. Kuma ta san Inna, ba za ta zauna ba. Ratsa waya za ta yi da kwandonta, wata rana sintiri ya ci karo da ita, mai ƙaton cikin nan ya riƙo mata hannu, ko ma a ce Auta ce za ta rako ta ofis. Da ta kawo nan a tunani sai ta tashi ta sha ruwa, ba don ƙishirwa ba.

Washegari da hantsi aka haɗa ta da Mai Taswira. Ƙa'idar aikin ita ce, duk inda aka ɗora murfi sai an je an gan shi da ido, an ɗauki alamarsa da wata 'yar na'ura mai gane wuri. Auta ta goya ta a babur suka nufi gabas.

Fakon yana nan yadda Allah ya yi shi, fari fat, a tsattsage, rana tana dukansa. Wani ƙadangare ya ɗago kai ya dube su, ya ga ba su da abin ba shi, ya wuce. Mai Taswira ta sauka, ta juya dama ta juya hagu, ta nemi dutse ta zauna, ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi.

"To, ina rijiyar?" ta ce. "Ina so in sha ruwa in haɗa da zuma."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kada ki ji nauyi, ba yau na fara ba. A wani gari, tsakiyar titin mota suka nuna min wai nan suke kamun kifi. Kuma ban ga laifinsu ba, an cuce su a baya, wanda ya cuce sun ma da irin fara'ata ya zo." Ta mayar da tabarau. "Amma ni ba ni da ikon sa abin da ba a nuna min ba. Ba zan zauna a ofis in ƙirƙiro musu daji ba. Sai ɗan gari ya kai ni da ƙafarsa ya ce ga shi nan."

"A sake kiran taro mana."

"Zan kira, gobe kafin in tafi. Ke a ganinki me za su yi?"

Auta ta san amsar. Murfin dai za su sake ɗauka su ɗora inda suka ɗora, wataƙila ma Mai Zuma ya zo da sabon barkwanci.

Mai Taswira ta dube ta sosai. "Ke fa? 'Yar gari ce ke ko ma'aikaciya? In 'yar gari ce, nuninki ya isa."

Dariya ta kuɓuce wa Auta, irin wadda ba daɗi a cikinta. "Shekara da shekaru ina jiran wanda zai faɗa min."

Ta tsaya tana kallon babban dutsen da ke can nesa. Ranar gashin tukwane ce, ta san maginan tukwane duk suna bayan gari suna jera itace, ba mai zuwa rami a irin wannan rana. In suka je yanzu suka dawo, ba idon da zai gan su. Za a bar kwarin a buɗe, mutane su ce wayonsu ne ya yi aiki, Inna ta ci gaba da gininta, ita kuma ta ci gaba da samun tabarmarta. Da wannan lissafin ta tada babur, kuma ita kanta ta san tana lallashin zuciyarta ne.

Inda babur ya gaza suka ajiye shi suka taka. Hanyar ba hanya ba ce ga wanda bai sani ba: a bi bayan wata bishiya mai rassa biyu, a tsallake busasshen rafi, a kutsa tsakanin duwatsu inda sai an karkata kafaɗa. Ƙafar Auta ce ke tafiya da kanta, ba ta ko duba ƙasa. Iska ta soma sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tarye su. Suna shan kwanar dutsen sai ga muryoyi.

Kai! Ashe ba wanda ya hura wuta a gari ranar. Maginan sun yi shawara a tsakaninsu cewa baƙi sun shigo, a kwashi yumɓu da yawa a ajiye saboda ko ta kwana. Ga su nan cikin rami, zane ɗaure a ƙugu, laka har gwiwa, kwanduna jere a baki. Wadda ta fara hango kaki ta saki dagi ta dafe ƙirji. Sauran suka daskare a inda suke.

Inna ce a can ƙasa, inda yumɓun ya fi laushi. Ta ɗago a hankali, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ba ta firgita ba, ba ta yi salati ba. Ta goge hannu a zane, ta dubi Mai Taswira ita kaɗai.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Kin sha hanya."

"Sannu da aiki, Inna. Don Allah kada ku tsorata, ba kama kowa muka zo yi ba. Alamar wurin kawai zan ɗauka don a bar muku shi."

"Wa ya nuna miki hanya?"

Mai Taswira ta waiwayi Auta, wadda ke tsaye ba ta fi taku kaɗan daga bakin ramin ba. "'Yarki ce ta kawo ni."

"Allah sarki," in ji Inna. "Ai kuwa ta san hanya. A bayana ta koye ta."

"Inna, ki saurare ni," Auta ta ce. "In ba a sa shi ba rufewa za a yi. Don ke na yi."

Inna ta sunkuya ta ɗauki gammonta. "Ku taya ni," ta ce wa matan. Biyu suka ɗaga mata kwando. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka bi ta gefen Auta a 'yar siririyar hanyar, har zanen wata ya gogi wandonta, ba wadda ta ce mata ci kanki. Na'urar ta yi ɗan ƙara a hannun Mai Taswira, alamar ta kama wurin.

Taron washegari, bencina ne kawai suka halarta. Mai Taswira ta shimfiɗa hotonta ta zauna har rana ta take, ta aika a kira mai gari aka ce ba ya jin daɗi, ta taka da kanta gidan Mai Zuma aka ce ya yi tafiya, alhali ga sandarsa jingine a ƙofa. Ta roƙi Auta ta nuna mata sauran wuraren. Auta ta yi iya ƙoƙarinta, amma ɗiyar maginiya hanyar yumɓu ta sani. Inda maza ke rataye amyar zuma, da inda ake tono saiwar magani, da fadamar ciyawar Yaya, ba a taɓa zuwa da ita ba. Baƙuwar ta naɗe hotonta, ta riƙe hannun Auta ta daɗe ba ta saki ba, ta ce ta rubuta wa hukuma cewa taswirar ba ta cika ba, a jinkirta. Sannan mota ta tafi da ita.

An ɗan jinkirta, ba a fasa ba. Bayan damina aka kafa turaku aka ja waya. Aka bar wa mutanen gari fako, da allo mai kyau a bakinsa, an rubuta cewa wurin amfanin jama'a ne. Aka kuma bar musu kwarin yumɓu, aka share masa hanya, aka yi 'yar ƙofa a jikin wayar. Sauran dajin kaf aka rufe.

Da a ce mutane suna duba abu yadda yake, da sun ga gaskiyar Auta ta fito. Ina! Wa zai tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce ni na ɗora murfina a kan fako? Labarin da ya fi sauƙin haɗiya shi aka haɗiya: 'yar maginiya ta sayar da dajin kowa ta fanshi ramin uwarta. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce da sanin uwar aka yi, ai dama gidan masu nuna hanya ne. Maginan gari suka yi rantsuwa ba za su taka ƙofar nan ba, suka koma fama da yumɓun yashi, rabin abin da suka gasa yana fashewa. Yaya ya rataye lauje ya koma dako a tasha. Da Auta ta je gida, a ƙofa ya tare ta, ba da faɗa ba, ya ce Inna ta kwanta. Ta sake zuwa, Inna ta kwanta. Daga ciki kuwa tana jin tarin Inna da motsin kwanoni.

Auta aka ba gadin 'yar ƙofar. Shugaban masu gadi ya ce ai ita ta san masu zuwa, kuma a ganinsa gata ya yi mata. Kullum da sassafe ta zo ta buɗe, ta zauna a kan kututture ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, ta zuba wa hanyar gari ido. Ba mai zuwa. Tsuntsaye su yi ta hidimarsu, inuwar rumfa ta zagaya ta dawo, ta rufe ta koma. Ciyawa ta fara cinye hanyar da aka share. Wani lokaci takan kama kanta tana magana ita kaɗai, tana jera wa Inna bayani tun daga farko, da amsar duk abin da Inna za ta ce. Kewa ta ishe ta, irin wadda ke sa mutum ya ji yunwa kuma ya kasa cin abinci.

Wata safiya, rana ba ta gama fitowa ba, ta hango mutum tafe. Tun kafin fuska ta bayyana ta gane tafiyar, da ɗan ɗingishin ƙafar hagu, da kwando a hammata. Ta miƙe zumbur, har ta yi tuntuɓe da kututturen. Inna ce, ita kaɗai, ta rame.

Inna ta tsaya nesa kaɗan da ƙofar. Ta ajiye kwando, ta ɗan rusuna.

"Ina kwana, ranki ya daɗe. Ana iya wucewa?"

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Inna! Ni ce fa. Don Allah ki miƙe."

"Ana iya wucewa?"

Ta tsaya tana jiran amsa, ba fushi a fuskarta, ba komai. Duk bayanin da Auta ta tara ya gudu ya bar ta.

"Ana iya," ta ce.

Inna ta ɗauki kwandonta ta shige. Auta ta so ta bi ta, ƙafarta ta ƙi. Ta koma ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Duk da haka wani ɗan daɗi ya ɗarsu a ranta. Ai ta zo. Yumɓun yashi ya gaza, ta zo, kuma ramin yana nan yana jiranta. In ta zo yau za ta zo gobe, wata rana dole su yi magana.

Sai da hantsi ya ɗaga sannan Inna ta ɓullo, kwando cike a ka, wuyanta yana rawa saboda nauyi, gumi yana bin haɓarta. Wanda ya yi ƙofar nan bai taɓa ɗaukar kaya a ka ba, ya gitta mata ƙarfe a sama, mai kaya ba ta wucewa sai ta durƙusa ko an sauke mata. Inna ta tsaya a gaban ƙofar tana auna tsawon da ido. Auta ta yi wuf ta matso, ta ɗaga hannu biyu za ta kama kwandon.

"A'a, kada ki taɓa."

"Inna, sauke miki kawai zan yi. Gwiwarki fa."

Inna ta waiga ta dubi hanyar gari, ko da mai tahowa. Sannan ta dubi 'yarta, a karo na farko tun ranar rami, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mutanen gari ne za su sayi tukwanen nan. In aka ce hannunki ya taɓa yumɓun, wa zai dafa abinci a ciki?"

Ta dafa turken ƙofa, ta durƙusa a hankali da kayan a kanta har gwiwarta ta yi ƙara, ta ja jiki ta wuce ƙarƙashin ƙarfen. Ta daɗe kafin ta iya miƙewa, kuma ita kaɗai ta miƙe. Ta gyara zaman kwando ta kama hanya.

Auta tana tsaye da hannuwanta biyu a sama. Sai da Inna ta sha kwana ta ɓace sannan ta tuna ta sauke su.